Zara Matar Wata: Abin da Kumbuna Suka Tarar a Bayan Gizagizanta

Duk wanda ya saba ɗaga kai ya dubi yamma bayan faɗuwar rana ya san tauraruwar nan mai tsananin haske da takan riga sauran taurari fitowa, wadda Hausawa ke kira Zara matar wata, saboda yadda akan gan ta kusa da jinjirin wata. Haka nan matafiya da masu sammako sun san Gamzaki, wanda kan ɓullo ta gabas kafin gari ya waye. To, a wurin masana ilmin taurari Zara da Gamzaki abu ɗaya ne. Wasu watanni takan biyo bayan rana a gan ta da magariba, wasu watanni kuma ta riga rana fitowa a gan ta da asuba. Larabawa na ce mata Zuhura, Turawan Ingila na ce mata Venus, Rashawa kuwa Venera. Ko da yake baki ya saba kiranta tauraruwa, ba ta da haske na kanta. Duniya ce ta dutse mai kewaya rana, hasken da ake gani kuwa na rana ne yake dukan gizagizanta ya dawo.

A cikin duniyoyi 8 da ke kewaya rana, babu wadda takan matso kusa da duniyar ɗan Adam kamar Zara, domin akwai lokacin da tazarar da ke tsakaninsu kan ragu zuwa kimanin kilomita miliyan 40. Babu kuma wadda ta yi kama da ita wajen girma. Faɗin duniyar nan kilomita 12,742 ne, na Zara 12,104, nauyinta kuma ya kai kashi 81 cikin 100 na nauyin duniya. Nisan Zara daga rana kilomita miliyan 108 ne, na duniya miliyan 150. Masana sun ce lokaci ɗaya suka samu, shekaru kimanin miliyan 4,500 da suka wuce, shi ya sa ake yi musu laƙabi da tagwaye. Amma ɗaya tana da tekuna da gonaki da mutane, ɗayar kuwa zafin doronta ya isa ya narkar da dalma. Neman sanin abin da ya raba tagwayen nan shi ya sa manyan ƙasashe suka shafe fiye da shekaru 60 suna zuba dukiya da ilmi wajen aika mata kumbuna.

HANGEN DALA

A shekarar 1610 masanin nan na Italiya, Galileo, ya dubi Zara da madubin hangen nesa, ya ga tana cika tana raguwa kamar yadda wata yake yi, abin da ya zama hujja cewa rana take kewayawa. A 1761 kuma, lokacin da ta gitta ta gaban rana, wani masanin Rasha mai suna Mikhail Lomonosov ya lura da wani siririn haske a gefenta, ya ce lalle iska ce ta lulluɓe ta. Irin wannan gittawa ba kasafai take aukuwa ba. An gan ta a 2004 da 2012, ba za a sake gani ba sai 2117. Daga nan ilmi ya tsaya cik, domin duk ƙarfin madubi iyakarsa farin gajimare da ya rufe ta ruf, ba ko kafa. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne.

Da yake ido ya kasa, sai hasashe ya yi yawa. A 1918 Svante Arrhenius, masanin haɗa sinadarai na ƙasar Suwidin, ya kwatanta ta da wata ƙatuwar fadama mai danshi da tsirrai. Wasu suka ce teku ce ta mamaye ta duka, wasu suka ce hamada ce, har da masu cewa tekun mai ne kwance a kanta. A 1932 masana a Amurka suka gano daga haskenta cewa akwai iskar kabon mai yawa a samanta, watau irin iskar da ke tashi idan an ƙona gawayi ko fetur, wadda mutum ma yake fitarwa in ya numfasa. A 1956 wasu kuma suka auna igiyoyin rediyo da ke fitowa daga gare ta, suka ga alamar zafi mai ban tsoro. Wani saurayin masani, Carl Sagan, ya bayyana a 1960 cewa iskar nan ce ke tsare zafi a doronta. Ba kowa ya yarda ba. Sai da kumbo ya je kafin gardama ta ƙare, domin gani ya kori ji.

TSEREN RASHA DA AMURKA

Zamanin ya zo daidai da yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, kowace tana so ta nuna wa 'yar'uwarta fifiko a sararin samaniya. Rashawa suka fara, suka harba Venera 1 ranar 12 ga Fabrairu, 1961, amma bayan mako guda aka daina jin ɗuriyarsa. Amurka ta harba Mariner 1 a Yulin 1962, ya saki hanya tun bai yi nisa ba, dole aka tarwatsa shi a sama. Tagwaninsa, Mariner 2, shi ya yi sa'a. Ya tashi ranar 27 ga Agusta, ya wuce ta gefen Zara ranar 14 ga Disamba, 1962, da tazarar kimanin kilomita 34,800. Shi ne kumbo na farko a tarihi da ya je wata duniya ya aiko da labari, labarin kuwa ya ƙarfafa maganar masu cewa doronta akwai zafi ƙwarai.

Rashawa ba su gamsu da wucewa ta gefe ba, sauka suke so su yi. Venera 3 ya faɗa kanta ranar 1 ga Maris, 1966, amma tun a hanya na'urarsa ta yi shiru. Venera 4 ya shiga iskarta ranar 18 ga Oktoba, 1967, yana saukowa da laima, yana aiko da awo har minti 93, ya tabbatar da cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na iskar kabon ce. Abin mamaki, har a lokacin masu ƙera shi suna kyautata zaton zai iya faɗawa cikin ruwa, don haka suka yi shi yadda zai yi iyo, suka kuma sa masa wani makulli na sukari wanda ruwa zai narkar ya saki eriya. Bai kai ƙasa da rai ba. Ya yi shiru tun yana sama da nisan kilomita fiye da 20. Venera 5 da 6 suka bi sawu a Mayun 1969, nauyin iska ya murƙushe su kafin su isa.

Ma'aikatar Lavochkin, wadda Georgy Babakin ke jagoranta, ta koma ta sake shiri. Aka ƙera Venera 7 da ƙarfen titaniyom, tamkar jirgin ƙarƙashin teku, yadda zai jure nauyin iska ninki 180 na wanda ake da shi a nan duniya. Ranar 15 ga Disamba, 1970, yana cikin saukowa laimarsa ta yage, ya bugi ƙasa da gudun kusan kilomita 60 a awa, ya kwanta a gefe. Masu sauraro suka ɗauka ya mutu. Sai bayan makonni, da aka sake bin kaset ɗin da aka naɗa, aka tarar da wata siririyar murya da ta ci gaba har minti 23, tana ba da awon zafi digiri 475. Wannan shi ne saƙo na farko da aka taɓa samu daga doron wata duniya. Mai haƙuri dai yakan dafa dutse.

SAUKA A CIKIN TANDERU

Ga abin da awon kumbuna ya tabbatar. Zafin doron Zara kimanin digiri 465 ne a ma'aunin Salshiyos, dare da rana kusan ɗaya. Ruwa na tafasa a digiri 100, dalma na narkewa a 327, zafin bazara da kan hana mutanen Sakkwato da Maiduguri sakat kuwa yakan kai 45 ne. Nauyin iskarta ya ninka na duniya sau 92, kamar a ce mutum ya nutse mita 900 a ƙarƙashin teku. Kashi 96 da rabi cikin 100 na iskar kabon ce, sauran kusan duk naitirojin. Farin gajimaren nan mai ban sha'awa, wanda ke tsakanin kilomita 48 zuwa 70 daga ƙasa, ɗigon asid ne irin na ruwan batirin mota. Yakan yi yayyafi, amma zafi kan ƙafar da shi tun bai kusa ƙasa ba. Kyan ɗan maciji ke nan.

Tafiyarta ma daban take. Tana kewaye rana cikin kwana 225, amma kafin ta juya sau ɗaya a kan kanta sai ta yi kwana 243. Juyin kuma a baibai take yinsa, saboda haka a can rana daga yamma take fitowa ta faɗi a gabas. Duk da wannan nawa tata, guguwar da ke samanta na gudun kimanin kilomita 360 a awa, tana zagaye ta cikin kwana 4 kacal. Ba ta da wata ko ɗaya.

Da sanin haka ya samu, sai aka canza dabara. Akan sanyaya cikin kumbo tun kafin ya shiga iskar, don ya sami 'yan mintoci na aiki kafin zafi ya cinye shi. Akan kuma saki laima tun daga sama, domin iskar ƙasa-ƙasa tana da kaurin da wani faifan ƙarfe da ke kan kumbon ya isa ya rage masa gudu. Da wannan dabara Venera 9 ya sauka ranar 22 ga Oktoba, 1975, ya yi minti 53, ya aiko da hoto na farko daga doron wata duniya: wani gangare cike da duwatsu masu kaifi. An sa masa fitilu don tsoron duhu, sai aka tarar akwai haske kamar na ranar da hadari ya haɗu. Venera 10 ya biyo bayan kwana 3.

Wani ƙaramin abu ya yi ta ba injiniyoyin ciwon kai, watau murfin idon kyamara. A Venera 9 da 10 murfi ɗaya daga cikin biyu ya ƙi fita. A Venera 11 da 12, waɗanda suka sauka a Disambar 1978, duk murafen suka ƙi, aka yi tafiyar miliyoyin kilomita ba hoto ko ɗaya. A Venera 14 murfi ya fita lafiya, amma ya faɗi daidai inda hannun da zai gwada taurin ƙasa zai sauka, sai hannun ya gwada taurin murfi. Zakaran gwajin dafi shi ne Venera 13, wanda ya sauka ranar 1 ga Maris, 1982. An yi shi don ya yi minti 32, ya yi 127. Ya aiko da hotuna masu launi da suka nuna shimfiɗaɗɗun duwatsu a ƙarƙashin sama mai launin ruwan goro, ya haƙo ƙasa ya auna, ya tarar irin baƙin dutsen nan ne da ke samuwa idan narkakken dutse ya sandare. Har yau babu na'urar da ta fi shi daɗewa da rai a can.

A Yunin 1985 kumbunan Vega 1 da Vega 2 suka saki balan-balan biyu, waɗanda suka yi shawagi a tsayin kilomita 54 kusan kwana 2, a wurin da zafi da nauyin iska ba su yi nisa da na duniyar nan ba. Sassansu kuma suka sauka ƙasa, suka cika saukar Rasha ta 10. Tun daga nan ba wanda ya sake sauka. Wani ɗan'uwansu ma bai taɓa barin gida ba: kumbon da aka harba a 1972, aka ba shi suna Kosmos 482, rokarsa ta gaza, ya yi shekaru 53 yana kewaya duniya, sai ranar 10 ga Mayu, 2025, ya faɗo.

TASWIRA TA CIKIN GAJIMARE

Sauka na nuna wuri ɗaya ne tak. Don a ga duniyar gaba ɗaya sai aka koma ga na'urar rada, wadda ke aika igiyoyin rediyo su ratsa gajimare su bugi ƙasa su dawo, a zana taswira da abin da suka kawo. Kumbon Pioneer na Amurka ya fara wannan aiki a 1978, Venera 15 da 16 suka ɗora a 1983. Babban aikin kuwa na Magellan ne, wanda hukumar NASA ta Amurka ta harba ranar 4 ga Mayu, 1989. Ya isa a Agustan 1990, ya zana kashi 98 cikin 100 na doron Zara kafin aikinsa ya ƙare a Oktobar 1994.

Taswirar ta nuna ƙasa ce ta aman wuta. Mafi yawanta filaye ne na narkakken dutse da ya malala ya daskare. Tsaunin da ya fi kowane tsawo, Maxwell, ya kai kilomita 11, ya ɗara Everest. Akwai wani kwari mai kama da hanyar kogi, Baltis, mai tsawon kimanin kilomita 6,800, wanda ya ɗara kogin Nil, amma ana ganin narkakken dutse ne ya haƙa shi. Ramukan da duwatsun sama suka haƙa idan sun faɗo ba su wuce 1,000 ba. Ƙarancinsu na nuna cewa doron sabo ne, wani abu ya shafe tsohon cikin 'yan ɗaruruwan miliyoyin shekaru da suka wuce. A 2023 masana suka ƙidaya duwatsu masu aman wuta kimanin 85,000 daga hotunan Magellan. A shekarar dai Robert Herrick da Scott Hensley suka gwama hotuna biyu na tsaunin Maat, na Fabrairu da na Oktoban 1991, suka ga wani bakinsa ya ƙara faɗi ya canza kama, alamar cewa wutar cikinta ba ta mutu ba.

INA RUWAN YA TAFI?

Duniyar Mekuri ta fi Zara kusa da rana, amma Zara ta fi ta zafi. Bugu da ƙari, gizagizan Zara na mayar da kimanin kashi uku cikin huɗu na hasken rana, har abin da take sha bai kai wanda duniyar nan ke sha ba. Sirrin yana cikin iskar. Ɗan hasken da ya kai ƙasa yana ɗumama ta, ƙasa ta fitar da zafi, iskar kabon ta tare shi kamar bargo mai kauri, ta hana shi fita.

Duniyar ɗan Adam ma tana da kabon kusan daidai da na Zara, sai dai nata a ɗaure yake cikin duwatsu. Ruwan sama na wanko iskar, ya kai ta teku, a hankali ta zama farin dutse irin wanda ake haƙa a Sakkwato da Ashaka don yin siminti. Zara ba ta da ruwan da zai yi mata wannan aiki. A Disambar 1978 ɗaya daga na'urorin da Pioneer ya jefa cikin iskarta ya gano cewa a ɗan tururin da ya rage, haidirojin mai nauyi ya ninka na ruwan duniya fiye da sau 100. Mai sauƙin ya fi saurin tserewa zuwa sarari ya bar mai nauyin, saboda haka wannan shaida ce cewa da can akwai ruwa da yawa fiye da na yanzu.

Masana na bayyana abin kamar haka. Hasken rana da ke isa Zara ya kusan ninka wanda ke isa duniya. Zafi ya sa ruwa ya zama tururi, tururi kuma shi ma yana tsare zafi, sai zafi ya ƙaru, tururi ya daɗu, haka abin ya yi ta cin kansa. Can a sama hasken rana ya farfasa tururin, haidirojin ya tsere. Da ruwa ya ƙare, duk iskar kabon da duwatsu masu aman wuta suka fitar sai ta tsaya a sama tana taruwa. Inda suka saɓa shi ne ko ta taɓa yin teku. A 2016 Michael Way da abokan aikinsa a NASA suka nuna da lissafin kwamfuta cewa mai yiwuwa ta yi teku marar zurfi har shekaru miliyan 2,000. A 2021 Martin Turbet na Jami'ar Janiba da nasa abokan suka ce tun farko zafi bai bar tururin ya zama ruwa ba.

GEMUN ƊAN'UWA

Binciken Zara ya taimaka wajen fahimtar abin da ke faruwa a gida. James Hansen na NASA ya fara aikinsa ne da nazarin gizagizanta, daga baya ya juyo kan yanayin duniya, kuma shi ne ya faɗa wa Majalisar Dattijan Amurka a 1988 cewa ɗumamar duniya ta kankama. Kafin zamanin masana'antu iskar kabon kashi 280 ce cikin miliyan na iskar duniya, a 'yan shekarun nan ta haura 420. Masana sun ce ƙona gawayi da fetur ba zai mai da duniya kamar Zara ba, amma ka'idar da ke aiki can ita ce ke aiki nan, kuma ƙarin digiri 2 ko 3 ya isa ya rikita damina da noma. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Bayan Magellan ziyara ta yi ƙaranci. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta aika Venus Express, ya yi aiki daga 2006 zuwa 2014. Akatsuki na Japan ya kasa shiga falakinta a 2010, ya yi shekaru 5 yana kewaya rana, aka sake gwadawa a Disambar 2015 ya shiga, ya yi ta nazarin guguwarta har aka daina jinsa a Afrilun 2024. A 2020 Jane Greaves ta Jami'ar Kadif a Birtaniya ta ba da sanarwar ganin alamar iskar fosfin a gizagizan, wadda a nan duniya ƙananan halittu kan fitar. Wasu masana suka sake bin awon suka musa, amma maganar ta dawo da hankalin jama'a kan Zara.

A Yunin 2021 NASA ta zaɓi ayyuka biyu, DAVINCI da VERITAS, Turai kuma ta zaɓi EnVision, sannan a Satumbar 2024 gwamnatin Indiya ta amince da nata kumbon. An tsara DAVINCI ya jefa na'ura ta ratsa iskar cikin kimanin awa guda tana awo, don a raba gardamar teku; sauran kuwa su sake zana taswira da rada mai kaifi. Amsar na da amfani har nesa da Zara, domin an riga an gano duniyoyi fiye da 5,000 da ke kewaya wasu taurari, da dama cikinsu girmansu ya yi kusa da na duniyar nan. Daga nesa girma kaɗai ake iya aunawa da sauƙi, Zara kuwa ta nuna cewa duniyoyi biyu na iya zama kai ɗaya, ɗaya ta raya mutane, ɗaya ta kashe na'urar ƙarfe cikin awa 2.